Tsinin Allurar Yaya

Yaya ce ta soka wa ƙanwarta Auta allura a gefen hanci, ita ce kuma ta ɓoye ta a ɗaki har naman wurin ya mutu. Mahaifiyarsu tana gidan. Mijin Yaya yana gidan. Babu wanda bai gani ba.

Su uku Mama ta haifa, duk mata. Yaya ce babba. Tana gyaran mata a ɗakin gaba na gidan mijinta, inda ta sa kujeru masu juyawa da madubi mai faɗin bango da kanta cike da mayukan ƙara haske. Ta tsakiya ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Ita ma ta buɗe wurin gyaran fuska a tsallaken titi, tagar Yaya tana kallon ƙofarta. Auta tana koyar da ƙananan yara a makaranta. Ita da Mama a gidan Yaya suke zaune.

Aikin ciko ne ya raba Yaya da Nas. Wani ruwa ne mai kauri da ake ɗura wa mace a ƙarƙashin fata, kumatun da suka faɗa su taso, layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki ya cike. Yaya da allura mai tsini take yi. Nas da kanula take yi, wata doguwar allura mai lanƙwasa kamar siririn bututu, wadda bakinta a dakushe yake. Nas takan gaya wa masu zuwa wurinta cewa mai tsini tana huda duk abin da ta tarar, har jijiyar jini, dakusasshiya kuwa yawanci ture jijiyar take yi ta wuce. Mata suka ji. Suka kuma ga fuskokin da ke fitowa daga wurinta babu kwanciyar jini. Suka fara tsallaka titi.

Yaya ta mayar da kujerarta bakin taga. Duk motar da ta tsaya a can sai ta san mai ita, da ranar da ta taɓa zama a gaban madubinta. Ta daina kiran ƙanwar da sunanta, sai Likita, tana ja wa kalmar wutsiya. Takan ce kanula allurar matsorata ce, Likita hannunta ne ke rawa shi ya sa ta nemo abin da ko balan-balan ba zai fasa ba. Matan da suka rage mata su yi dariya, wasunsu kuma mako na zagayowa ta hango su a tsallake.

Wata rana Auta ta dawo daga makaranta ta ratso ta ɗakin gyara. Wata mata ta tare ta da tambaya, wai ita da take tsakanin 'yan'uwan, aikin wa ya fi kyau. Auta ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce duka suna da kyau, sai dai na Anti Nas ba ya barin tabo. Injin busar da gashi yana kuka, amma Yaya ta ji. Ta yi dariya ta ce yaran makaranta sun mayar da Auta irinsu.

Washegari Yaya ta fara. Ta ce Auta ta rame tun zazzaɓin da ta yi, layukan bakinta sun zurfafa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ita da Mama sa'anni ne. Ta ce za ta cike mata kyauta. Auta ta ce fuskarta ta ishe ta haka. Yaya ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Wato hannuna ne ba ki yarda da shi ba. Hannun da ya goya ki, ya yi miki kitso har kika girma. Ki faɗa kawai, ki ce na Likita kike so."

Mama ta sa baki. Ta ce yayarta ce, ba za ta cuce ta ba, ta bari a yi a huta da maganar. Auta ta bari.

Yaya ba ta yi aikin a ɓoye ba. Ta jira ranar da ɗakin ya cika, ta zaunar da Auta a kujerar tsakiya, ta ce kowa ya matso ya ga yadda gwanaye suke yi. Ta ɗaga allurar sama tsininta yana ƙyalli. Ta fara da hagu, layin ya cike nan take, mata suka yi ta yabawa. Ta koma dama, ta soka a gindin hanci, ta danna da ƙarfi tana magana da na bayanta.

Auta ta damƙe hannun kujera. Ta ce wannan ba irin na farko ba ne, zafin ya hau mata har kusa da ido. Yaya ta ce raki ne irin na 'yan auta. Tana zare allurar, fatar wurin ta yi fari, daga gefen hanci zuwa leɓen sama, kamar an shafa toka.

Wata a cikin matan ta leƙo ta ce, "Ikon Allah. Har ta fara haske."

Yaya ta duba. Ta ajiye allurar. Sannan ta juya ta fuskanci ɗakin.

"Kun gani ko? Ruwana ba ciko kaɗai yake yi ba. Ku je ku tambayi Likita in bututunta yana sa haske."

Aka kwashe da dariya. Wata ta tambaya ko za a iya yi mata a fuska duka, har wuya. Aka riƙa juya haɓar Auta ana nuna wa juna.

Ba haske ba ne. Allurar ta shiga jijiya, ruwan ya toshe ta, jini ya daina zuwa wurin. Amma a ɗakin da ake sayar da haske a kwalba, duk fatar da ta yi fari abin murna ce.

Da yamma Auta ta kasa cin abinci. Yaya ta ƙunso ƙanƙara a tsumma ta ce ta danna a wurin. Auta ta ce sanyin ƙara mata azaba yake yi. Yaya ta ce alamar yana aiki ke nan.

Gari ya waye farin ya tafi. Wurin ya koma shuɗi-shuɗi da ja-ja, zane-zane kamar raga. Yaya ta shigo, ta kama fuskar ta kai bakin taga, ta daɗe tana kallo. Ta gane. A wurin da ta koyi aikin an gaya musu wannan, an kuma ce kada wadda ta taɓa fuskar mutum ba ta da maganin da ke narkar da ruwan a kusa da ita. Ita ba ta taɓa saya ba, don a ganinta mai gwaninta ba ya bukatarsa. A duk layin mutum ɗaya ce ke da shi a cikin firji.

Ta ɗaga ido ta dubi tsallaken titi. Nas tana buɗe ƙofa, mata biyu suna jiranta, ɗaya ma tsohuwar mai zuwa wurin Yaya ce. Yaya ta saki labule. Ta ce wa Auta kwanciyar jini ce, kowa yana yi, zai baje.

Ita ta kira makaranta ta ce Auta mura ta kwantar da ita. Ta karɓe wayarta, wai hasken waya yana ƙara ciwon kai. Ta cire ƙaramin madubin ɗakin, wai yawan dubawa yana hana ciwo warkewa. Kafin ta fita ta juyar da Auta gefen hagu, ta gyara mata ɗankwali, ta ce ta yi murmushi, ta ɗauki hoto. Rabin fuskar nan ta tura wa mata a waya, ta rubuta a ƙasa cewa aikin allura ne, ba na matsorata ba.

Mijin Yaya ya dawo daga aiki, ya leƙa ɗakin, ya gani. Ya ce subhanallahi, ya koma falo. Auta ta bi shi ta roƙe shi ya kai ta asibiti ko ya kira Anti Nas. Ya ce shi bai san harkar mata ba, in ya sa baki za a ce ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Ya ƙara da cewa shi ba zai je ƙofar gidan mutumin da ya sayi sabuwar mota bai ko kawo ya sa albarka ba, mijin Nas yake nufi. Ya ce ta sha maganin ciwon kai. Ya ƙara ƙarar talabijin.

Mama ce ke kwana da ita. Ta shafa mata zuma, ta tofa addu'a, ta yi kuka a ɓoye. Da Auta ta ce ta tsallaka ta kira mata Anti, sai ta kama hannunta. Ta ce Yaya ba da gangan ta yi ba, kuskure ne, kuma tana sane, ko barci ba ta yi. Ta ce in Nas ta ji, da irin bakinta, har ita Mama ta koma ga Allah yaran nan ba za su sake gaisawa ba. Ta ce ta yi haƙuri ta rufa wa yayarta asiri, a gidanta suke ci suke sha. Auta ta ce, Mama, hancina ne. Mama ta ce ta sani, Allah zai kawo sauƙi.

Kwana ya ƙaru, ƙuraje masu ruwa suka fito a wurin. Yaya ta ce zafin jiki ne ke fita. Ta kawo wani mai daga kanta ta shafa, ta bi da hoda. Tana shafawa tana ba da labarin tsallake: wance ta shiga, wance ta fito, Likita ta sake fenti, ta sa sabon allo mai fitila kamar gidan rawa. Ta ce tun suna yara haka take, in aka saya musu takalmi iri ɗaya sai ta goge nata ya fi ƙyalli. Babansu ya kai ta makarantar jinya, ita kuwa aka bar ta da wanke-wanke da rainon Auta. Yanzu abu ɗaya da ta koya da kanta, shi ma an biyo ta har bakin ƙofa. Auta tana kwance tana saurare, idonta yana zubar da ruwa. Yaya ta ɗauka tausayinta take ji.

Ranar nan Nas ta zo gaishe da Mama. Ta ƙofar baya take shigowa, don ba ta ratsa ɗakin gyara. Ta tambayi ina Auta, ta ce ta kwana biyu ba ta ga wucewarta ba, wayarta kuma a kashe. Mama ta ce mura ce, ta samu barci. Nas ta ce bari ta leƙa ta. Mama ta ce a bar ta, da ƙyar ta runtsa.

Auta tana jin su ta bayan ƙofa. Yaya tana zaune a bakin gadonta, ta ɗora mata hannu a gwiwa, tana murmushi. Ba ta rufe mata baki ba. Auta ta buɗe baki ta mayar ta rufe. Tunda take ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Yaya ba. Suka ji takun Nas ya yi nisa.

Daga nan zafin ya ragu. Yaya ta yi murna ta ce ga shi nan, ta faɗa. Amma Auta ta taɓa gefen hancin ta ji kamar ba a jikinta yake ba. Wani wari ya fara tashi, Mama ta riƙa fesa turare a ɗakin. Da aka kawo mata shayi, Auta ta juya bayan cokali ta duba. Wurin ya yi baƙi ƙirin, ya bushe kamar ƙonannen tsumma.

Ta jira har ta ji injin busar da gashi ya tashi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bi ta ƙofar baya. Mama tana tsakar gida tana shanya. Ta ce, Auta, ina za ki. Auta ba ta tsaya ba. Ta tsallaka titi da silifas ɗin banɗaki.

Nas ta sallami matar da ke kan kujera, ta ja Auta ciki, ta janye mayafin. Ba ta yi salati ba. Ta sa safar hannu ta danna gefen wurin tana kallon ko jini zai dawo.

"Aikin wa ne?"

"Yaya."

"Da allura, a gindin hanci. Ya yi fari lokacin da ta yi?"

"Ya yi. Suka ce haske ne."

Nas ta kwantar da ita a kujera. Ta buɗe firji ta ɗauko maganin ta yi ta ɗurawa a kewayen wurin, ta sa tsumma mai ɗumi. Da ta ji an sa ƙanƙara sai ta cije leɓe. Ta ce ko da kanula akan samu haka, ba a cika samu ba ne kawai, shi ya sa ba ta taɓa kowa sai maganin nan yana firji. Ta ce da a ranar aka tsallako, da ƙila ko tabo ba za a gani ba. Yanzu leɓen za ta iya ceta, baƙin nan kuwa ya riga ya tafi.

Ita ma ba a rasa ta da nata ba. Tana aiki tana cewa ai ta faɗa, ta sha faɗa, mai kitso ta tsaya a kitsonta. Ta ɗauko waya za ta ɗauki hoto, wai mata su ga abin da allura take yi. Auta ta kare da hannu ta ce fuskarta ta gaji da zama allon talla. Nas ta mayar da wayar aljihu, ta kira mijinta ya kawo mota.

A asibiti likita ya cire naman da ya mutu. Gefen hancin dama ya zama da giɓi, kamar an gutsure. Ya ce in ya warke za a iya yin aiki a ɗebo fata daga wani wuri a rufe, amma kada ta sa rai zai koma yadda yake. Yaya ba ta je ba. Ta aiko da abinci a kwano mai kyau. Da aka sallami Auta, Nas ta ce ta zo wurinta ta zauna. Mama ta yi ta kuka, ta ce in Auta ta bar gidan kowa zai gane. Auta ta koma gidan Yaya. Ta koma makaranta da takunkumi a fuska, tana maimaita kowace magana don yara ba sa jin ta sosai.

Matar da Nas ta sallama a ranar nan ba ta yi shiru ba. Ta ga Auta ta shiga da ƙafarta, ta ga an fito da ita da filasta an sa a mota. Kafin mako ya ƙare labari ya zaga cewa bututun Nas ya cinye hancin ƙanwarta. Aka kawo wa Yaya maganar tana tsakar wanke wa wata kai. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ita ba za ta yi maganar 'yar'uwarta ba, amma kowa shaida ne a nan lafiya aka tashi, har haske yarinyar ta yi, ga hoto ma. Abin da aka je aka ƙara mata a can, Allah kaɗai ya sani.

Motoci suka ragu a tsallake. Kujerun Yaya suka cika, har da aro daga falo. Ta dawo da kujerarta bakin taga, yanzu ƙofar da babu kowa take kallo. Ta yi ƙiba a 'yan kwanakin nan. Nas ta zo ta ƙofar baya ta yi faɗa, Mama ta durƙusa mata ta ce don darajar nonon da ta sha ta yi shiru. Nas ta ce ko ta yi magana wa zai yarda, za a ce kare kanta take yi. Mai hancin ce kaɗai za a ji.

Yaya ma ta san haka. Akwai wata babbar 'yar kasuwa, mai shagunan kayan ɗaki, wadda duk inda ta zauna ƙawayenta nan suke zama. Ta bar Nas amma ba ta yarda Yaya ta taɓa ta ba tukuna. Ta ce ita ba ta aiki da ji-ta-ji-ta, sai ta ji daga bakin yarinyar.

Aka zaunar da Auta a falo bayan cin abinci. Mijin Yaya ya kashe talabijin da kansa. Ya ce ba ƙarya ake so ta yi ba, ai gaskiya ne Nas ta yi mata allurai, har ma sun fi na Yaya yawa. Abin da za ta ce kawai, a can aka ƙarasa. Mama ta ce Nas tana da takardar aiki, ko an rufe wurinta asibiti zai ɗauke ta, Yaya kuwa in ɗakin nan ya mutu ina za su sa kansu. Yaya ta ce ita za ta kai ta a yi mata aikin fatar, a wurin likitan da ya fi kowane. Ta ce ta goya ta, ba ta taɓa neman komai a wurinta ba sai wannan. Auta tana kallon ƙasa. Suka ɗauki shirun a matsayin yarda, kamar yadda suka saba.

Washegari Auta ta dawo daga makaranta ta tarar an kulle ƙofar baya. Dole ta ratso ta ɗakin gyara. Ɗakin a cike yake. 'Yar kasuwar tana kujerar tsakiya, an riga an goge mata fuska, allura tana kan faranti a gefenta. Mama tana tsaye a bakin labulen ciki. Yaya ta tare hanya da fara'a, ta rungumo kafaɗar Auta.

"Yauwa, ga 'yar halak. Autar Mama, zo ki gaya wa baƙuwarmu da bakinki. Ba kunya, duk mata ne. Wa ya ɓata miki hanci? Ba Likita ba ce?"

Aka kashe injin busar da gashi. Auta ta dubi Mama, Mama ta sunkuyar da kai. Ta dubi farantin. Ta zame kafaɗarta daga hannun Yaya.

"Faɗi mana, ana jira," in ji Yaya, murmushin yana nan.

Auta ta ce, "A'a, Yaya. Ba zan ce ita ce ba."